Gardamar Pon Baya

Da hantsin ranar Litinin jandarmomi suka jawo motar Ilyas zuwa harabar komisariyar Agadez, wato ofishin 'yan sanda, ɗaure a bayan wata babbar mota. Shi Ilyas ɗin tun jiya aka kai shi makwancinsa. Wani ayari da ke dawowa daga wurin zinariya na Tchibarakaten ne ya tsince shi kwance ƙarƙashin motar, can nesa da hanyar da kowa ke bi, bidon ɗinsa, wato jarkar ruwansa, a bushe ƙayau.

Kowa a garin ya san motar nan. Farar kat-kat ce, irin mai jan ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya, amma ba don ɗaukar kaya aka saye ta ba. Samarin direbobin hanyar zinariya suna da wata ɗabi'a marar kan gado: in ayari ya tashi sai a shiga rige-rigen isa, don kawai a yi hirar mutum a fada wajen shan shayi. Ba lambar yabo ake ba su ba, ba komai ba. Iyayensu mata dai ke kwana da fargaba.

Ansfekta Alkasum ya fito yana naɗe hannun riga. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ya gaji da ganin ana binne yaran da ko furfura ɗaya ba su yi ba.

A bakin ƙofa ya tarar da Nasser, yayan mamacin, da tarin direbobi a bayansa.

"Bahago ne ya kashe mini ƙane, Ansfekta," in ji Nasser. "Shi ya taɓa motar kafin tafiyar. Ya yi aikin banza, ta mutu masa a daji."

Bahago tsohon mai gyaran mota ne, kuma tun jiya da yamma yake tsare a ciki, bayan direbobi sun taru a garajinsa ɗauke da bidon mai da ashana. Shugaban komisariya ya riga ya yanke magana: in gari ya waye gobe ba a samo wani abu ba, a miƙa tsohon ga kotu da laifin sakacin da ya jawo mutuwa. Ga mai shekarun Bahago, shiga kaso ba lalle a fito da ƙafa ba.

"Kai ba ka taɓa motar ba?" Alkasum ya tambayi Nasser.

"Ni? Rabona da ita tun da muka yi gardama da Ilyas. Na ce ba ruwana."

Alkasum ya nufi motar. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin motar.

Akwatin ƙarfen da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya ya tsage gida biyu, mai ya tsiyaye tas. Bututun eshapma, wato na fitar hayaƙi, sababbi ne fil, suna ƙyalli tun daga bakin inji. Sauran ƙasan motar kuwa duk tsohuwar laka ce ta shekaru. Sai wuri ɗaya. Pon baya, wato tulun ƙarfen nan da ke ɗauke da haƙoran da ke juya ƙafafun baya, kawunan bulon ɗinsa, ƙusoshin da ke ɗaure shi, fes suke, ga ɗanyen jan gam ya fito a gefen murfin.

Ya fito ya kakkaɓe jikinsa, ya ce a kawo masa Bahago ofis.

Tsohon ya shigo babu hula, idanunsa jajur. Alkasum ya tura masa kujera.

"Malam Bahago, wace gardama ce tsakanin Ilyas da yayansa?"

"Gardamar yadda za a ƙara wa motar gudu, ranka ya daɗe. Hanya biyu ce. Ko a canza bututun eshapma daga bakin inji don ya samu numfashi, ko a canza haƙoran pon baya don mota ta riƙa fizga tun daga tsaye. Ilyas eshapma yake so, don a ji rurin motarsa tun daga nesa. Nasser ya ce ƙara wasan yara ce, aiki yana pon."

"Tun yaushe suke yi?"

"Tun azumi. A gida, a fada, har a garajina. Sai da na kore su rannan."

"Kai me ka zaɓa?"

"Motar Ilyas ce. Abin da ya ce shi na yi. Eshapma."

"Ka buɗe pon baya?"

"Ko kilen kwance ƙusa ban ɗora masa ba."

"Da ka gama, wa ya zo ɗaukar motar?"

Bahago ya sunkuyar da kai. "Ina masallaci, ban gani ba."

"Wato ka bar makulli jikin mota irin wannan ka tafi masallaci."

Alkasum ya ci gaba.

"Malam Bahago, gobe war haka kana kaso. Kare wa kake yi?"

"Mutumin yana zaman makoki, ranka ya daɗe. Ubansu ne ya koya mini riƙon kile. Ya zan nuna ɗansa da yatsa, ɗayan ko kwana biyu bai yi a ƙasa ba?"

"Shi ai ya nuna ka."

Tsohon ya ce, "Nasser ne ya ɗauke ta. Ya ce Ilyas ya tafi Ingall."

Alkasum ya koma harabar ya sa aka ɗaga motar da kirik, wato jak. Ya yi wa ƙafafun alama da alli, ya kama sandar da ke kai ƙarfi gaba ya yi ta juyawa da hannu har ƙafa ta zagayo. Ya koma ta baya ya yi haka. Ta bayan sai da ta ci juyi fiye da ta gaban kafin ƙafarta ta zagayo. Ashe motar nan gabanta da bayanta ba tafiya ɗaya suke yi ba.

Bayan azahar ya isa gidan rasuwa. Maza suna zaune kan tabarmi a waje. Ya yi gaisuwa ya nemi izinin ganin matar mamacin. Souwaiba tana ƙuryar ɗaki lulluɓe, wata gwaggonta na gefe.

"Allah ya jiƙansa, Malama Souwaiba. Tambaya kaɗan zan yi."

"Amin. Ina ji."

"Da gaske ya je Ingall?"

"Tare muka je duba mahaifiyata, a motar haya. Da muka dawo muka tarar da motarsa ƙofar gida. Ko ruwa bai sha ba ya hau ta ya yi hanyar Anou Araren, wai zai gwada ta kan gudron, inda kwalta take."

"Ya ya dawo?"

"Yana dariya kamar yaro. Ya ce ko taɓa ta ka yi sai ta yi tsalle. Ya tafi fada ya gaya wa kowa eshapma ta yi aiki, Yaya Nasser ya sha ƙasa. Har nan nake jin dariyarsu."

"Nasser me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ranar tafiya da safe ya zo ya tsaya bakin ƙofa. Na ɗauka magana zai yi. Sai kawai ya ce, in ta tsaya maka ka kira ni."

"Shi ke nan?"

"Bayan sun tafi na leƙa, na ga yana ɗora sandar jan mota a bayan tasa motar. Wuni ya yi zaune nan ƙofar gida da waya a hannu. Na aika masa da abinci, aka dawo da shi."

"Lokacin an ji labarin wani abu?"

"Ina fa. Lokacin ko duwatsun Aïr ba su shiga ba."

Alkasum ya yi mata godiya ya fito. Da ya wuce ta gaban tabarmin, Nasser bai ɗago kai ba.

Masu sayar da kayan kat-kat a Agadez ba su da yawa. A shago na uku mai shagon, wani ƙaton mutum mai carbi a wuya, ya fara da cewa shi bai san komai ba, mutane da yawa ke shigowa. Alkasum ya ce to su tafi komisariya ya tuna a can. Nan take tunaninsa ya dawo.

"Nasser ya sayi haƙoran pon baya, irin masu ƙara fizga. Na gaya masa ba a sa su su kaɗai. Kat-kat ce. In ka canza na baya ka bar na gaba, ranar da aka haɗa ƙafa huɗu gaba zai ja wani waje, baya ya ja wani. Cikin yashi mai laushi ta ɗan jure, amma tana hawa ƙasa mai tauri wani abu zai fashe."

"Ya ce me?"

"Ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne. Ya sa na yi masa odar na gaba."

"Sun iso?"

Mutumin ya sunkuya ya ɗago wani kwali daga ƙarƙashin tebur. "Shekaranjiya. Na kira shi bai ɗauka ba."

Bayan la'asar aka shigo da Nasser ofis. Kwalin yana bisa tebur a buɗe, haƙoran ƙarfen na naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya dube su sau ɗaya ya kawar da kai.

"Zauna," in ji Alkasum. "Kayanka sun iso."

"Ban san su ba."

"Bon. Da safe ka ce rabonka da motar tun gardama. Wa ya ɗauko ta daga garajin Bahago?"

"Taimako na yi. Ƙofar gida kawai na kai ta."

"Kwana nawa ta yi hannunka kafin ta kai ƙofar gidan?"

Alkasum ya sake jefa masa wata tambayar.

"Me ya sa ka ɗora sandar jan mota tun kafin a ce mota ta lalace?"

"Kowane direba yana da ita."

"Kowane direba yana ƙin cin abinci ya zauna gadin waya?"

Alkasum ya tura kwalin gabansa.

"Kai ka buɗe pon ɗin, Nasser. Ka san abin da zai faru, an gaya maka, kai ma ka sani tun kafin a gaya maka. Ka tsaya bakin ƙofa ka bar shi ya tafi. Ina so in ji dalili."

Da ya buɗe baki, muryarsa ba irin ta safe ba ce.

"So nake in nuna masa kawai. Na ce in ya gwada ta ya ji fizgar, sai in ce to ga abin da na sa, ka ga gaskiyata. In na gaba suka iso mu sa tare. Sai ya dawo ya ce eshapma ce. Gaban fada duka. Ya ce Yaya ya tsufa, ya koma tuƙin amalanke. Yaron da ni na ɗora hannunsa kan sitiyari. Aikina ne ke gudu a ƙarƙashinsa, yana yi mini dariya da shi."

"Sai ka yi shiru."

"Na ce bari yashi ya koya masa. Korin farko bayan gari, busasshen rafin yashin nan, kowa sai ya haɗa ƙafa huɗu yake ƙetare shi. Na ce nan za ta fashe, akwai rezon waya, ga ayari. Zai kira ni, in je in jawo shi gaban kowa."

"Amma bai haɗa ba."

Nasser ya girgiza kai. Hawaye suka zubo, bai share ba.

"Direbobi suka ce da ƙafa biyu ya ƙetare, kamar ba yashi. Na biyu ma haka. Fizgar ta ishe shi. Ya bar ayari baya, ya yanke ta inda ba a bi, don ya riga kowa. Sai can cikin hamadar Ténéré ya buƙaci ƙafa huɗu."

"Ka san haka tun ranar da aka ce ba a gan shi ba. Da ka faɗa, da an san mota ce ta mutu, an bazama nema tun da wuri."

"Na ɗauka ya riga su isa ne. Kowa haka ya ɗauka."

"Kowa bai san abin da ka sani ba. Bahago fa? Tsohon da ya ƙi faɗin sunanka har sai da na matsa masa. Ka tura yara su ƙone masa garaji."

"Da wane ido zan dubi Inna in ce ni ne?"

"Da wanda za ka dube ta gobe," in ji Alkasum. Ransa ya ɓaci ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Ya kira ɗan sanda ya ce a sa wa Nasser ankwa, a kuma saki Bahago.

A baranda suka haɗu. Ana fitowa da tsohon, hularsa a hannu, ana shiga da Nasser. Nasser ya tsaya cak, har ɗan sandan ya ja shi bai motsa ba.

"Baba Bahago," ya ce a hankali, "kai ka san aiki. Da ƙafa biyu ya ƙetare korin nan. Ba eshapma ba ce ta yi wannan, ko?"

Bahago ya dube shi. Ya sa hularsa, ya gyara mata zama.

"Ba ita ba ce. Da gaskiyarka, Nasser, pon ya fi," in ji shi. "Sai ka nemi wanda za ka gaya wa."

Ɗan sandan ya ja shi suka wuce ciki.