Satar Kular Gwaji a Sandamu

Me ya sa mutum yake tsoron a gaya masa ciwonsa fiye da yadda yake tsoron ciwon? Ni dai ban sani ba. Sufeto Ma'aruf ma da wannan tambayar ya wuni ranar da aka sace kular sanyi ta ajiye gwajin korona a Sandamu.

Malama Rukayya, ma'aikaciyar lafiya, ita ta kai ƙara.

"Azahar na shiga yi, Yallaɓai. Na fito babu kula. Ga wayata nan kan benci, ba a taɓa ba."

"Me ke ciki?"

"Samfurin da muka ɗauka yau. Da kyar muka samu! In mun shiga unguwa sai a rufe ƙofa, wai cutar muke dasawa a hanci. Akwai na wata tsohuwa, Iya Kulu. Maƙwabta suka kawo ta a ɓoye, numfashinta na sarƙewa. In ba sakamako, cibiyar killacewa ba za ta karɓe ta ba."

Hamma mai shayi, da teburinsa ke kallon bencin, ya rantse bai ga kowa ba.

"Ranka ya daɗe, wa zai saci majina? Ai Allah ne ya raba mu da fitina."

Sufeto ya cije leɓe. Duk wanda ya tambaya, dariya ce amsarsa.

Bayan la'asar aka tsinci kular a ƙofar masallaci, an wanke ta tas, babu komai ciki. An ɗaure murfin da igiyar shanu, irin ƙullin 'yan kara, wato kasuwar shanu.

"Ɓarawon da ke mayar da kaya," in ji Sufeto. "Cikin dangin waɗanda aka gwada, wa ke sayar da shanu?"

Saminu ne, ɗan Iya Kulu. A zaure suka same shi, tarin tsohuwa na fitowa daga cikin gida. Rukayya ta ce tunda gida ɗaya suke, shi ma a gwada shi.

Saminu ya ce, "Hancina ba na gwamnati ba ne. Kula kuma ban san zancenta ba, a karar Mai'adua na wuni."

"Karar da dokar kulle ta rufe?"

Sufeto ya dubi fartanyar da ke jingine, da ɗanyar ƙasa a bakinta.

"Ina ka kai samfuran?"

"Na binne, Yallaɓai. Abin da ya fito daga jikin mutum ba a yar da shi a bola. An ce wanda aka kai can, in ya cika, baƙi ke binne shi, ba wanka, ba ganin fuska. Uwata ce fa."

"Sai ka gwammace ta shaƙe a ɗaki? Su kuma sauran mutanen da ka binne wa sakamako, ba iyayen wasu ba ne?"

Rukayya ta shiga ta sake gwada tsohuwar. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa wa Saminu ankwa, ya ja shi zuwa mota. A bakin ƙofa Saminu ya toge.

"Malama, in aka same ni da ciwon, inda za a kai Iya can za a kai ni?"

"Can ne."

Ya tsuguna a ƙasa da ankwarsa, ya ɗaga mata fuska.