Aikin Gidan da Ya Makara Shekara Goma Sha Ɗaya

"Ba dai a gidana ba! Wallahi ba dai a gidana ba!"

Mama ta dangwarar da butar shayi, ta jefo wani tsohon littafin rubutu gaban Eirlys.

Eirlys ta buɗe. Littafin saurayinta Kieran Beddoe ne, na darasin Welshanci, harshensu na gado, da ake tilasta wa kowane ɗalibi har ya gama sakandare. Fayau yake, sai layi ɗaya da Turanci: "Yaren matattu, ba ya ba mutum aiki."

"Wa ya kawo miki wannan, Mama?"

"Iolo. A ɗakin ajiyar makaranta ya tsinto shi."

Tsinto! Eirlys ta yi dariyar takaici. Shekara biyu Malam Iolo, malami a makarantar, yana bin Eirlys da maganar aure tana ƙi, ashe har akwatunan ƙura ya koma tonawa.

"Mama, shekarar Kieran sha biyar a lokacin fa!"

"Ni ce malamarsa! A gaban aji ya faɗa mini, ido cikin ido. Yanzu kuma 'yata yake so? Jikokina su tashi ba su iya gaishe ni da harshen uwata ba?"

"Ranar Lahadi zai zo," Eirlys ta ce, ko gezau. "Kuma shi zan aura."

A waya take shaida wa Kieran.

"Masoyi... ta ga littafin."

Kieran ya ce, "Ai na san bashin magana na kaina, rabin raina. Bar ni da ita."

Lahadi, ana yayyafi, sai ga shi da rigarsa ta aikin kafinta wankakkiya. Bai kawo fure ba, takarda biyu ya riƙo.

Ya tsaya a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya makara, ya yi gaisuwa da Welshanci. Wayyo, karyayye kamar ana jan buhu a kan tsakuwa!

Eirlys ta zaro ido. Ashe wata takwas yana zuwa ajin koyon Welshanci na manya a ɗakin karatun gari, bai taɓa faɗa mata ba!

"Malama, aikin gidan da kika ba mu ne: 'Aikin da nake nema da dalilin da ya sa na cancanta.' Na makara."

Mama ba ta ce ya zauna ba. Ta sa tabarau, ta laluba aljihun tebur, ta zaro jan biro.

Eirlys ta leƙa ta kafaɗarta. A gurbin aikin da ake nema ya rubuta: mijin Eirlys. A gurbin ƙwarewa: gyaran abin da na ɓata.

Hawaye suka zubo mata, ba ta ma damu ta share ba.

Biro na ta ƙaraf-ƙaraf. Mama ta ɗago.

"Kuskure ashirin da uku, Beddoe. Abin kunya!"

"Na'am, Malama."

"Ka sake rubutawa, ka kawo mini Lahadi mai zuwa."

Ta tura masa kujerar marigayi Baba, wadda ba wanda ya zauna a kai shekara huɗu.

"Da ta bayanta. Da duk Lahadin da Allah ya yi. Eirlys, kina tsaye kamar gunki, zuba wa ɗalibina shayi!"