Notin da Aka Ɗaure da Bisimilla

Rana ta sunkuya bayan gonakin dawa, shanu suna shigowa gari, hayaƙin girki ya kwanta a kan dangogin wani ƙauye da ke gefen hanyar Funtua zuwa Bakori. Ladidi tana tuƙa tuwo. 'Yarta Lauratu, wadda ba ta wuce shekara tara ba, tana kora kaji akurki. Maigidan kuwa, Aƙilu, rabin jikinsa na cikin bakin mota a bayan rumbu, inda yake yini tun da aka fara cirar auduga.

Sai wani abu ya bugi kwanon ɗaki, ya gangaro, ya tsaya a gaban murhu. Ladidi ta ɗauka ta juya shi a hasken wuta. Ba dutse ba ne. Noti ne, baƙin mai a jikinsa.

"Malam, yau kuma da kayan aikin naka kake jifanmu?"

Aƙilu ya fito yana goge hannu. Ya karɓa ya duba. Notin kafireton motar ne, wanda ya ɗaure da hannunsa da hantsi.

Shi dai Aƙilu mai injin niƙa ne, bai taɓa zama a garejin kowa ba. Da kunne ya koyi aiki. Inji na tari daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa, kuma ya tsawata maka don ka bari ya kai haka. Motar kuwa doguwa ce baƙa, mai kujerun fata, ta wani Baturen gidan gurzar auduga na Funtua da ya koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai. Ta bi hannu-hannu har ta mutu, aka sayar wa Aƙilu a kuɗin da ba su kai na bijimi ba. Araha ba ta ado, kowa ya sani. To amma wa zai gaya wa Aƙilu? Da shanun noma ya jawo ta gida, yara na bin ta da waƙa, yana cewa ranar da ta tashi sai hakimi ya leƙo ta taga.

Inna, mahaifiyarsa, ba motar ta ƙi ba, wurin ajiyar ta ƙi.

"Ɗan nan, Maguzawan da suka sari gonar nan a wurin nan suke zuba gumba. Ko akuya ba na ɗaurewa a can."

"Inna, inuwa ce kawai. Mota ba ta shan gumba."

Aƙilu ya kwance kan injin motar ya ajiye gefe, ya bar ramukan fistin a buɗe kwana da kwanaki, yana ta sintiri Funtua neman ringin fistin. Da ya samu, ya yanka gasket, shimfiɗar da ke hana kan injin yoyo, da kansa, ya mayar da kan, ya bi notin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. Aiki ne mai tsoro, in ka karkace kaɗan ka kashe injin, saboda haka kowane noti sai da ya yi masa bisimilla kafin ya ja sifana. Washegarin ranar aka fara jifan.

Kullum magariba, da zarar ladan ya ɗaga murya, sai ƙarfe ya fara sauka a tsakar gida. Abin da duk Aƙilu ya ɗaure da rana, da yamma yana kan kwano. Fulogi, wayoyi, murfin lagireto. Abu guda ne ba a taɓa ba: notin kan injin. Bayan jifan sai shiru ya sauko, irin shirun da ko gyare ba ya kuka a cikinsa. A cikin shirun nan ake jin muryar mace daga bayan rumbu, can ƙasa-ƙasa, tana kira kamar uwar da ɗanta ya yi yamma a waje.

Ladidi ta daina fita alwala ita kaɗai. Inna ta daina magana. Aƙilu ya ce 'yan baƙin ciki ne, kuma zai ga wanda zai fara gajiya. Taurin kai dai ba ya jin kira sai ya ji jiki.

Wata Alhamis ya tashi da asuba ya haɗa komai, bai ci ba bai sha ba, don ya riga magariba. Rana na gab da faɗuwa ya zuba fetur, ya haɗa batir, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta kama da wani irin ruri da ya tayar da tsuntsayen gona. Aƙilu ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ji ihun Ladidi ya keto rurin.

Ya kashe injin ya ruga. Lauratu na kwance a bakin akurki, ta dunƙule gwiwa a ƙirji, hannayenta biyu sun toshe kunnuwanta. Jikinta zafi kamar tukunyar da aka sauke, numfashinta na warin baƙin mai. Aka yi aka yi a miƙe ta, ta ƙi miƙuwa, kamar wadda aka cusa a cikin tulu.

Inna ce ta aika Kafur a kira Malam Maharazu. Ya iso bayan Juma'a a kan keke, tsoho ne siriri mai 'yar furfura a haɓa. Bai tambayi komai ba. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tabarma, ya yi tofi a ƙwaryar ruwa ya yayyafa mata, ya riƙe babban yatsanta, ya kama karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwar danga ta haye tsakar gida. Sannan bakin Lauratu ya buɗe, muryar da ta fito ba tata ba ce. Muryar bayan rumbu ce.

"Sassauta, malam. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?"

"Mun riga kakanninku zama a nan. Yarinyar ba ta yi komai ba. Nawa ma bai yi komai ba."

Ta juya idon Lauratu ga Aƙilu.

"Ka bar ramuka a buɗe a ƙofar gidana. Ɗana ya shiga ɗaya ya yi barci. Ka zo ka rufe, ka sa wa kowane noti sunan da ba na iya taɓawa. Na kwance duk abin da hannuna ya kai, na jefo maka don ka duba. Kai kuma ka yi ta mayarwa. Jiya ka kunna masa wuta."

Aƙilu ya waiwaya ya dubi bayan rumbu.

Malam ya ce, "Bai sani ba. Hannun da ya ɗaure shi zai kwance. Ki saki yarinya."

"In na ga ɗana."

Aƙilu ya ɗauki sifana ya nufi bayan rumbu. Sifana na zamewa, fatar yatsunsa na salewa, har ya ɗaga kan injin. Babu abin da ya gani sai fistin da baƙin toka. Wata iska mai ɗumi ta shafi fuskarsa ta wuce, shi ke nan. Da ya dawo, Lauratu ta miƙe ƙafafu, amma idanun har yanzu ba nata ba ne. Hawaye na zuba daga cikinsu.

"Yana da rai. Ina kiran sunansa, ba ya waiwayowa. Rurin ya kashe masa kunne." Ta dubi Malam. "Zan tafi, malam. Amma da kunnen yarinyar zan tafi."

"Ba ki da wannan hakki. Karɓi rago, karɓi wurin, a kewaye miki shi har abada."

"Rago zai ji kirana?"

Malam ya ƙara matse yatsan, ya ɗaga karatu. Jikin yarinyar ya sandare, jini ya fara tsattsafowa daga kunnenta na hagu. Ladidi ta kifa kanta a ƙasa. Malam ya ɗaga wa Aƙilu hannu, alamar kada ya ce uffan, don ba a ciniki da aljanu da baki biyu. Amma Aƙilu bai taɓa jiran izinin kowa ba kafin ya yi magana.

"Ke, baiwar Allah. Yarinya ta riƙe sifana? Ni na ɗaure, ni na kunna. Ga kunnuwana, sun fi nata aiki. Ɗauka."

"Aƙilu," in ji Malam.

"Na karɓa," in ji muryar.

Lauratu ta yi atishawa, jikinta ya saki. Can bayan rumbu ganye ya motsa, ya daina. Ladan ya fara kiran magariba, Aƙilu ya ji farkonsa sarai, sannan kiran ya yi ta nisa kamar ana tafiya da masallacin, har ya ɓace.

Yarinyar ta buɗe ido, ta nemi fuskarsa. Ya ga leɓunanta sun haɗu sun rabu, sun sake haɗuwa sun rabu. Ya san kalmar. Ya durƙusa ya amsa mata da ƙarfin da ya sa kaji suka firgita a akurki.

Motar tana nan inda take, kan injin a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. An kewaye wurin da ƙaya. Aƙilu ya ci gaba da niƙa, sai dai yanzu tafin hannu yake ɗora wa inji ya lumshe ido, wani lokacin ya gane, wani lokacin ya ce a kai Funtua. In rana ta faɗi yana zaune a ƙofar gida yana kallon hanya, sai Lauratu ta fito da buta, ta taɓa kafaɗarsa, ta nuna masa gabas.