Noman Gonar Baba Arzika

"Ba za a yanka shi don ni ba, Baba."

Matata Hanatu ce ta faɗi haka, tana kwance a ɗakin uwarta, zazzaɓin jego ya kama ta bayan haihuwar ɗiyarmu ta fari, Kyauta. Mahaifinta, Baba Arzika, yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da igiyar baƙin bunsuru. Ni ina tsugune can gefen rumbu, don ba na iya tsayawa kusa da surukina.

"Uwani, dubi jikinki," in ji tsohon, da sunan da suke kiranta a gida. "Tun kakanni, in jego ya juye ma mace, gindin tsamiya aka zuwa a ba iskoki jini. Ke mi ya raba ki da mu?"

"Na riga na ba Yesu kaina, Baba. Ba zan karɓe don na ji ciwo ba."

Mu Maguzawa ne, daga wani ƙauye bayan Bilbis a ƙasar Tsafe. Na tafi leburanci Gusau lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgi. A can wani kafinta mutumin Zariya, Malam Ibrahim, ya koya mini ɗan karatu da labarin Almasihu, ya ba ni littafi. Ni na kawo wa Hanatu labarin, amma ta fi ni riƙe shi. In ina karanta mata ina tuntuɓe, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, baƙaƙen ne ke gudu ko kai ne gurgu?" Washegari kuma ta maimaita mini abin da na karanta tana daka.

Da tsohon ya ja bunsurunsa ya fita, ta kira ni da ƙyar.

"Baban Kyauta, kada ka ja da Baba. Tsoho ne, kuma ba shi da kowa sai ni."

Ba ta kai ranar kasuwa ba.

Muna dawowa daga binne ta Baba Arzika ya tare ni a gaban mutane. "Kai ka kashe ta, kai da littafinka. Ka ci uwa, ba ka cin ɗiya. Jinjirar ga ba ta barin gidana."

Na koma Gusau hannu wofi. Helumanmu, shugaban leburori, Garba mutumin Bungudu, ya ga na rame, ya ce, "Bawa, ɗiya ta uba ce ko'ina. Tashi mu je gaban alƙali, dogari ya ɗauko maka ita."

Na kai wa Malam Ibrahim maganar. Bai ajiye zartonsa ba ya ce, "Za ka ci shari'a, babu shakka. Amma me Ubangiji ya ce mu yi wa wanda ya ƙi mu?"

"Alheri," na ce.

"To."

Ban taɓa jin haushin kalma ba kamar wannan "to" ɗin.

A al'adarmu, miji yakan yi wa surukinsa noma. In matar ta mutu, an gama. Duk da haka ruwan farko na sauka na bar aikin jirgi, na saɓa garma na nufi gonar Baba Arzika. Ba shi da ɗa namiji, gonar duk ciyawa.

Ya gan ni, ya tofar da yawu, ya wuce. Ya hana Inna, matarsa, ta kawo mini ko ruwa. Samari masu wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, surukin kushewa." Kyauta kuwa daga nesa nake hango ta a bayan Inna, ƙafafunta suna reto. Ta yi zama, ta yi rarrafe, ta miƙe, duk ban taɓa ta ba.

Kada ku ɗauka ina noman da farin ciki. Nakan durƙusa a cikin kunya in yi addu'a. Nakan ce, "Ka ɗauki uwar, ka hana ni ɗiyar, yanzu me kake so da ni?" Ba na jin komai sai kukan kurciya. In tashi in ci gaba da noma, don ban san abin da zan yi ba in na bari.

Damina ta bi damina. Wata kaka ina ɗaure dammunan gero, sai ga tsohon yana dogara sanda, idonsa ya yi rauni, Kyauta na riƙe da rigarsa.

"Bawa, wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba. Abin da aka koya mana ke nan. Hanatu ta fi ni iyawa."

Tsohon ya ce, "Taurin kan nan, wurina ta ɗauko shi. Ba kai ka kashe ta ba. Na sani tun ranar, na dai rasa wanda zan kama." Ya tura yarinyar. "Tafi, ubanki ne."

Ta dube ni, ta fashe da kuka, ta ɓuya a bayansa. Fuskar Hanatu ce sak, kuma tsorona take ji.

Ban ɗauke ta ba. Na gina bukka a gefen gidansu, na jira har ranar da ta zo da ƙafarta ta zauna a cinyata.

Ku yara masu tasowa, bin Almasihu bai dawo mini da matata ba, kuma har yau in na ji ana daka sai in tuna da ita. Amma da dogari ya ɗauko mini Kyauta, da na samu ɗiya na rasa uba. Haƙuri ya ba ni su duka, kuma ni na binne Baba Arzika da hannuna.