Wace Ce Amarya Ari?

Ranar da Muhyiddeen Ari ya fara ganin Kamila, yana saman tsani ne, yana haɗa wayar sola a wani ƙaramin asibiti da ke Gaya. Ita kuma tana teburin yankar kati, tana fifita da jakar fayil.

"Malam mai wuta, fankar nan za ta juya yau kuwa, ko sai mun narke?"

Ya leƙo ya dube ta, sai filaya ta suɓuce daga hannunsa ta faɗo kusa da ƙafarta. Aikin da ya kamata ya ƙare kafin azahar sai da ya ci kwana uku, kuma ba wanda ya san abin da ya lalace sai shi.

Kamila 'yar Ajingi ce, kullum a adaidaita take zuwa aiki. Shi kuwa ɗan garin Balan ne, ɗan fari a wani gidan Barebari da suka daɗe da zama suna noma. Kafin shekara ta zagayo ya zama "Injiniyana", ita ta zama "Fitilata". Kamila tana da kirki, tana da fara'a, amma gaskiya idan ana maganar kishi, da babban mudu aka auna mata. Ko mai kunun bakin asibiti ta cika yi masa dariya, ranar ba zai ji da daɗi ba.

Ana cikin haka wani kamfani ya ɗauke shi aikin lantarki a Qatar. Malam Sagiru, mahaifin Kamila, bai yi murna ba ko kaɗan.

"Yaro ya tafi wata ƙasa ba mata, ke kina nan kina tsufa da waya a hannu? Ga Zunnuraini ɗan ƙanwata, kemis ɗinsa a Gaya, kullum ina ganinsa."

"Baba, ya yi mini alkawari."

"To, na ba shi zuwa kaka. In aka girbe dawa magabatansa ba su zo ba, magana ta ƙare."

Satinsa na farko a Doha, kamfani ya ce kowa ya buɗe asusun banki da za a riƙa saka masa albashi. Muhyiddeen da bai taɓa zaɓen ko hula ba tare da ya tambaye ta ba, ya turo saƙo:

"Fitilata, ki taya ni zaɓe. Banki ɗaya yana kusa da masaukinmu, amma da kuɗin ruwa a tsarinsu. Na biyu babu ruwa, turo kuɗi gida ma da sauƙi, sai dai nisa. Kuma sun ce in mutum ya yi aure ana iya yi wa matarsa nata katin."

Kamila ta karanta layin ƙarshe sau uku tana murmushi, sannan ta rubuta: "Na biyun. Wa ya yi maka duk wannan bayanin?"

"Wata ma'aikaciyarsu ce, 'yar Sudan. Hausa a bakinta kamar 'yar garin Kademi."

Murmushin ya ɗauke.

"Bankin babu maza ne?"

"Akwai. Shi Zunnuraini har yanzu yana kawo miki maganin ciwon da ba kya yi?"

Suka yi fushin yini guda suka shirya. Amma 'yar Sudan ɗin nan ta samu wurin zama a zuciyar Kamila, ta shimfiɗa tabarma.

Ranar Laraba ya turo hoton fom ɗin da ya cike, don ta ga ya bi zaɓinta. Kamila ba ta tsaya kan irin asusun ba. Idonta can ƙasa ya tafi, wurin da ake rubuta makusancin mutum wanda za a nema idan wani abu ya same shi. Hoton ya yanke gefen da ke nuna dangantaka, amma sunan ya fito sarai: Amarya Ari.

Amarya. Har da sunan gidansu ta ɗauka.

Kamila ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. Wato sati biyu kacal! Da ta tambaye shi kai tsaye, da magana ta mutu a nan. Amma mai kishi ba ta tambaya, habaici take yi. Sai ta rubuta:

"Allah ya sanya alheri. Ka gaishe da Amarya."

Amsa ta zo nan take.

"Za ta ji in sha Allahu. Ai kullum sai ta tambaye ki, ɗoki take ki shigo gidan ki riƙa taya ta aiki. Amma Fitilata, ki daina kiran sunanta gatsal haka. Ki riƙa sakayawa, ai gaba take da ke."

Kamila ta ajiye wayar, ta sake ɗauka, ta sake karantawa. Ta taya ta aiki! Ta sakaya sunanta! Ta toshe lambarsa, ta toshe ta ƙanwarsa ma don kada a zo da ban haƙuri, ta shiga ɗakin ajiye fayil ta yi kuka mai isarta. Tana son sa, wannan shi ne abin da ya fi ƙona ta.

Da yamma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, abin da ka faɗa ya tabbata. Ya yi aure a can."

Malam Sagiru bai ce "na gaya miki" ba, don ya ga idonta. Ya ce kawai iyayen Zunnuraini za su zo gaisuwa Juma'a ta sama.

Kwana takwas Kamila tana yankar kati kamar an yi mata dole. Zunnuraini yakan biyo da lemo mai sanyi, ta karɓa ta ba masu jinya. Abin da ke cin ta shi ne tunanin wata tana can tana kiran Muhyiddeen da sunan da ita ta raɗa masa.

Ranar Alhamis, ana gobe zuwan baƙin, wata dattijuwa mai tsagen Barebari ta zauna a bencin gaban teburinta, ta ce gwiwa ke damunta. Ta kwance bakin mayafi ta miƙo katin zama ɗan ƙasa.

Kamila ta ɗauki biro, ta dubi katin, biron ya tsaya.

"Amarya... Ari?"

"Na'am, 'yata."

"Baba, wannan... sunanki ne?"

Dattijuwar ta yi dariya. "Sunana na yanka Aisa. Da aka kawo ni Balan, sai aka tarar sunan uwar mijina ke nan, ba mai iya kira a gidan. Aka ce Amarya, Amarya, har na yi furfura. Masu yin katin nan da suka zo, abin da suka ji ana kirana shi suka rubuta."

Kamila ta rufe baki da hannu biyu. Shekara guda tana jin Muhyiddeen yana cewa "Iya ta ce", "Iya ta aiko", bai taɓa furta sunan ba, don ɗan fari ne kuma mai kunya. Ita kuwa ba ta taɓa taka Balan ba, balle ta ga fuskar.

"Gwiwata lafiyarta ƙalau," in ji Iya, ta rage murya. "Yaron nan ne ya hana ni sakat. Wai kin aiko mini da gaisuwa, daga nan kika rufe waya. Ya daina cin abinci a ƙasar mutane. Na ce bari in zo in ji laifin da na yi."

Kamila ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban mutane, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kunya da daɗi suka haɗu suka lulluɓe ta. Da ƙyar ta ce, "Iya, na ɗauka... na ɗauka aure ya yi."

Iya ta fashe da dariya har da tafa hannu. "Da ni kike kishi? Allah mai iko! Rabon da a yi kishi da ni tun Ari yana da haƙoransa duka."

Sauran aikin mai wuya a Ajingi yake. Kamila ta tarar da mahaifinta yana alwalar la'asar, ta zayyana masa komai, kanta a ƙasa. Ransa ya ɓaci sosai.

"Kin san abin da kika sa ni? Ƙanwata ce fa zan je in ce wa su fasa."

"Na sani, Baba. Laifina ne, ba nasa ba. Amma shi nake so."

Ya daɗe yana juya buta a hannu. Can ya ce, "Yaron da ya je ƙasar da ba wanda ya san shi, aka ce ya rubuta nasa, ya rubuta uwarsa. To." Ya saka takalmi ya nufi Gaya da kansa, kuma ƙanwar tasa ta yi wata biyu ba ta gaishe shi ba.

Kamila ta buɗe lambar. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar an ɓalle famfo. Ta rubuta:

"Injiniyana, na yi wauta. Ka yafe mini. Ka ci abinci."

"Na yafe, Fitilata. Amma don Allah nan gaba ki riƙa tambaya. Ita ma 'yar Sudan ɗin jikokinta huɗu."

Magabata suka zo tun dawa ba ta gama nuna ba. Bayan girbi Muhyiddeen ya samu hutu ya dawo, aka ɗaura aure a Ajingi, da yamma aka kai Kamila Balan. Tsakar gida ta cika da mata da ƙamshin turaren wuta, sai wata daga zaure ta ɗaga murya:

"Ina amarya?"

"Na'am!" in ji Iya daga bakin murhu.

Gidan ya kaure da dariya. Iya ta goge hannu ta zo ta zauna kusa da Kamila, ta kama hannunta mai lalle.

"Shekara talatin ina ɗauke da sunan nan, 'yata. Yau ga mai shi ta zo. Karɓi abinki."

Daga cikin lulluɓi Kamila ta girgiza kai.

"A'a Iya, ki riƙe. Ni dai ki ci gaba da ce mini 'yata."

Iya ta goge ido da bakin zani, ta ɗora hannu a kanta. "To, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa duk inda ya kai ku a duniya ku zama na juna."

Matan gidan suka amsa da amin.