Farin Dutse a Sama

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Butar shayi na kan risho tana tafasa lokacin da suka diro daga bayan duwatsu. Rana ko gama ɗagowa ba ta yi ba. Tsatsa ne a gaba, shugaban gungun, fuska naɗe da ƙyalle, bindiga a hannu. Sauro na biye da shi, siriri, bakinsa ba ya hutawa ko a wurin aiki. Wani mai gajeren wando ya yunƙura zai gudu, igiyar tanti ta harɗe shi — tim! — ya kife a kan turke.

"Ina za ka, ɗan gayu?" in ji Sauro. "Ba iskar daji kuka zo sha ba? To ga ta nan, ku sha."

Suka bi tantunan ɗaya bayan ɗaya. Wayoyi, kyamarori, agogo, madubin hangen nesa, duk suka dura a jakunkunan goyo. Wani dattijo mai furfura ya ɗago kai, 'yarsa ta danne masa kafaɗa.

"Baba, don Allah ka kwanta."

Na ukunsu bai sauko ba. Auta yana kan dutse a tsugune, yana gadin hanya. Shi ya kawo harkar. Ya girma a wannan dajin, yana bin mahaifinsa da yayansa suna yi wa mutanen gari jagora, irin waɗanda gado mai laushi ya gundura, su biya a kai su inda za su kwana a ƙasa. Ya kafa musu tanti, ya hura musu katifa, ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin bayansu, su kuma su ɗauki hoto. Bayan rasuwar tsohon, Auta ya jefar da jaka ya shiga gari, Yaya ya ci gaba da sana'ar. Auta ya san cewa kullum da sassafe Yaya kan bar baƙi ya tafi duba hanyar da za a bi. Shi ya sa ya zaɓi wannan lokacin. Wai a tunaninsa ya yi wa ɗan'uwansa adalci.

Tsatsa ya fizgo oba-oba, rediyon kiran agaji, daga jikin babban tanti ya taka ta da dunduniya. Sannan ya juya kan jarkokin ruwa. Tau! Tau! Ruwa ya tsiyaye, ƙasa ta shanye.

Auta ya miƙe tsaye a kan dutsen. Wannan ba ya cikin shiri.

"Oga, ruwan fa?" ya ce da suka haɗu a bayan dutse.

"Mai ƙishi ba ya bin sawu. Mu ware."

Auta ya bi bayansa. Akwai ajiya, ya gaya wa kansa. Yaya zai kai su ajiya.

Ajiya aikin mahaifinsu ce. A dajin nan ba rafi ba rijiya, sai duwatsu da ƙaya. Tsohon ya riƙa binne jarkar ruwa a kogon dutse, can saman tudu inda dabba ba ta tonawa, ya jera duwatsu a bakin kogon. In da ruwa, a ɗora farin dutse a sama, a hango shi daga nesa. In babu, a sauke shi ƙasa, kada wani ya ɓata sauran ƙarfinsa wajen hawa. Wanda ya tarar da ita a bushe, shi zai cika. Tsohon ba mai yawan bugun yara ba ne, amma a kan wannan dutsen ya taɓa marin Auta har kunnensa ya yi ƙara.

Da hantsi suka kai ajiyar farko. Da ita Auta ya yi wa Tsatsa alkawarin hanyar tsira: su ratsa daji a ƙafa, su ɓulla titi ta bayan tuddai, inda suka ɓoye babur. Suka sha, suka cika goruna. Sauro har da wanke fuska.

"Tsohonku ɗan duniya ne," in ji shi. "Firji a cikin dutse."

Tsatsa ya miƙo wa Auta wuƙa. "Farke ta."

"Oga, nan za su zo. Akwai tsoho a cikinsu."

"Uban wa ya aike shi daji? Farke."

"In muka bar rabi—"

Bakin bindiga ya taɓa masa haƙarƙari, a hankali, ba faɗa. Auta ya karɓi wuƙar. Ya caka, ya ja. Ya tsaya yana kallon ruwan yana bin tsagin dutse.

Sauran suka fara gangarawa. Shi kuwa hankalinsa ba ya jikinsa, hannuwansa suka ci gaba da aikin da suka saba tun yana yaro. Suka murza murfi. Suka mayar da jarka kogo. Suka jera duwatsu. Suka ɗauki farin, suka ɗora a sama.

Sai da suka yi nisa ya waiwaya ya hango shi yana ƙyalli.

"Oga, na manta wani abu. Bari in koma."

"Koma," in ji Tsatsa. "Harsashi zai raka ka."

Bai koma ba.

A can sansani, Yaya ya dawo a guje tun da ya ji harbi. Ya tarar da mutanensa a zube, wasu na kuka, mai gajeren wando na riƙe da goshi yana rantsuwar sai ya kai shi kotu. Yaya ya tattara abin da ya rage a buta da kofuna, ya raba musu kurɓi-kurɓi. Ya sa aka yanke tanti ɗaya don inuwa, aka bar sauran.

"Jagora, ina za mu?" in ji 'yar dattijon. "Baba yana da hawan jini, kuma maganinsa na cikin jakar da suka ɗauka."

"Hanya biyu ce. Ofishin masu gadin daji yana gabas, da nisa, amma ba hawa. Ko mu bi ta ajiyar ruwa, ta fi kusa, sai dai tana kan tudu. In muka kai mararraba zan duba alama."

A mararraba ya kare ido da tafin hannu. Ga farin dutse a sama, tas.

"Akwai ruwa," ya ce, ya ji daɗi har cikin ransa. "Baba, ka daure, mun kusa."

"Yaro, ai na hau abin da ya fi wannan," in ji dattijon, yana murmushin ƙarfin hali.

Suka bar hanyar gabas suka kama hawa, rana tsaka. Dattijon ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Daga ƙarshe Yaya ya goya shi. Da suka kai, ya sauke shi a inuwa, ya kawar da duwatsun, ya jawo jarkar da hannu biyu. Ta taso ba nauyi, har ya kusa faɗuwa da baya.

Ya duba yankan wuƙar. Ya duba murfin da aka murza tam, da duwatsun da aka jera manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ɓarawo ba ya gyara wuri in ya gama. Mutum biyu ne kawai a duniya suke jera su haka, kuma ɗayan shi ne.

"Jagora, lafiya?"

"Babu ruwa."

Ya ɗaura musu rumfa da yankin tantin, ya ce kada kowa ya motsa, ya gangara shi kaɗai ya nufi gabas, yana tafiya yana gudu.

Washegari da safe gungun suka kai ajiya ta biyu. Daga samanta ana hango turakun lantarki na bakin titi, ƙanana, can ƙarshen fili. Tsatsa ya daɗe yana kallonsu.

"Miƙe kawai?"

"Miƙe kawai," in ji Auta.

"To ka gama aikinka. Babur mutum biyu yake ɗauka, da kaya."

Auta ya juya — Sauro ya riga ya riƙe shi ta baya. Ya fizge, ya kai hannu ga wuƙa — tau! Cinyarsa ta ɗauki wuta, ya zube. Sauro ya zare masa takalma yana dariya.

"Ka yi haƙuri, ɗan jagora. Kai da ka saida yayanka, mu za ka bari?"

Tsatsa ya cika goruna, ya farke jarkar da kansa, ya sa ƙafa ya watsa duwatsun.

"A ƙarasa shi, Oga?"

"Kar ka ɓata min harsashi. Rana za ta yi."

Da suka ɓace, Auta ya ɗaure cinyar da hannun rigarsa. Fili ba inuwa, ba zai kai titi da wannan ƙafar ba. Ya tuna wani kwarmin dutse a baya da kan riƙe ruwan sama. Ya samo sanda, ya juya, yana bin sawun da ya zo da shi.

A daidai lokacin Yaya na hawa tudun farko da masu gadin daji da 'yan sanda, kowa da jarka. Sun tarar da mutanen a ƙarƙashin rumfa, leɓuna a tsage. 'Yar dattijon na zaune, kan mahaifinta a cinyarta, ta rufe masa fuska da hularsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dubi Yaya.

"Ka ce akwai ruwa."

Yaya ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne, shi ya ce.

Aka sauko da su. Sufeton da ya jagoranci 'yan sandan ya tura mota ta zagaya ta tare titi, sannan ya ja Yaya gefe.

"Wa ya san wurin nan?"

"Ni da ƙanina, Yallaɓai."

Sufeto ya dube shi da kyau. Bai saba a ba shi amsa da sauƙi haka ba. Yaya ya ɗauki sabuwar jarka cike, ya saɓa, ya sake kama hawa.

"Ina kuma za ka?"

"Na tarar da ita a bushe. Ni zan cika."

"Kana ganin zai dawo? Kai, wannan tarko ne mai kyau."

"Ba tarko ba ne, Yallaɓai."

"Kira shi abin da ka ga dama," in ji Sufeto. Ya yafito kurtu ɗaya, suka bi bayansa.

Kwarmin da Auta ya sa rai a kai babu komai ciki sai busasshen gansakuka. Ya lasa, ya tofar. Ƙaya ta gama da tafin ƙafarsa, cinyar ta kumbura, harshensa ya cika masa baki. Ya kwana inda ya faɗi, gari ya waye ya ci gaba da jan jiki. Da la'asar ya ɗaga kai ya ga tudun farko, da farin dutse a samansa.

Ya yi dariya, ba sauti. Ƙaryarsa ce ke kallonsa. Shi ya ɗora shi, ya san abin da ke ƙarƙashi. Ya tuna tsohon nan mai furfura, ya gane cewa shi ma haka ya hango dutsen, kuma shi ya yarda. Tsoro da kunya suka rufe shi lokaci ɗaya. Amma ba wani wurin zuwa. Ko ɗigon da ya maƙale a gindin jarkar, ya ce. Ya hau da gwiwa da hannu.

Ya ture duwatsun, ya ja jarkar. Ta ƙi tasowa. Nauyi.

Ya kwance murfin da haƙori, ya kafa baki. Ya sha, ya ƙware, ya sake sha, ruwa na bin wuyansa. Bai ji takun ba sai da inuwa ta rufe shi.

"Kar ka motsa!"

Kurtun ya murɗe masa hannu, ankwa ta yi ƙara. Auta bai ko dube shi ba. Idonsa na kan mutumin da ya fito daga bayan dutse, ya rame, ya yi baƙi.

"Yaya."

Yaya ya kawar da kai.

"Yaya, wallahi ban yi nufin... hannuna ne ya ɗora shi. Na so in koma." Hawaye suka zubo masa. "Ka san zan zo. Ka cika min."

Yaya ya durƙusa, amma ba wajensa ba. Ya ɗauki murfin da ya faɗi, ya goge shi da riga, ya murza.

"Ba don kai na cika ba. Dutsen na tarar yana ƙarya, na gyara."

An tsinci Sauro a kwalbatin bakin titi, harsashi a bayansa, takalman Auta a ƙafarsa. Tsatsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai kyamarorin da aka riƙa gani a hannun masu saida kayan gwanjo. An binne dattijon. Hukuma ta karɓe lasisin Yaya, kuma ko da ba ta karɓe ba, babu mai sake bin jagoran da ya ce akwai ruwa. Auta ya rasa ƙafar a asibitin gidan yari, kuma har yau ba wanda ya zo duba shi daga gida.

Abin da ya fi tsaya masa a rai bai kai waɗannan girma ba. Ranar da ake sauko da shi daga tudun, a kafaɗar kurtu, ya waiwaya yana jiran ko kallo ɗaya. Yaya ya ba shi baya. Ya girgiza jarkar ya ji saura da yawa, ya mayar da ita kogo, ya jera duwatsun, manya a ƙasa, ƙanana a sama, sannan ya ɗora farin.