Wa Ya Kunna Injin Ruwa?

Ƙarfe goma da kwata na safe aka bugo caji ofis, aka ce wuta ta kashe wani mai gyaran lantarki a harabar gidan wani likitan haƙori. Sufeto yana tsakiyar cike takardar neman hutu. Ya ajiye biro, ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya tayar da mota.

Shekara ashirin da huɗu yana wannan aiki, ya sha ganin gawar da wuta ta ja. Yawanci ganganci ne. Ka rubuta rahoto, ka yi wa dangi ta'aziyya, ka koma ofis. Abin da ya sa a ransa ke nan har suka isa.

Gawar tana ƙarƙashin tankin ruwa, an rufa mata zanen gado. Sumuntin wurin a jiƙe yake. An kwance murfin injin ruwa, wayoyin wuta biyu sun fito tsirara suna reto. Sufeto ya ɗaga zanen. Mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, tafin hannunsa na dama ya ƙone baƙi ƙirin. Salularsa tana kan wani bulo a gefe, jakar kayan aikinsa a buɗe.

Saje ya ɗaga ƙafa zai matsa kusa. Sufeto ya fizgo shi ta bel.

"Gaggawar me kake yi? Kana da rai biyu ne?"

Ya zaro testa, abin gwada wuta, daga jakar, ya miƙa hannu daga nesa ya taɓa bakin wayar. Testar ta kawo ja.

"Har yanzu da wuta," in ji shi. "Je ka kashe babban layin gidan. Sannan a nuna mini makunnin injin nan."

Makunnin yana jikin bangon baranda. A kashe yake. An liƙa masa salatif a gicciye, an rubuta da jan biro: KADA A TAƁA. Sufeto ya duba salatif ɗin da kyau, babu alamar an ɗaye shi.

"Wanda ya liƙa wannan ba mai ganganci ba ne. Makunni a kashe, wuta kuma tana tafiya. Ta ina?"

Saje ya ɗauko sukundireba ya kwance fuskar makunnin. A cikin ramin bangon akwai wani ɗan farin akwati, bai fi akwatin ashana ba, wayoyi huɗu sun shiga cikinsa.

"Yallaɓai, na san wannan, akwai irinsa a gidan wana. A bayan makunni ake ɓoye shi, a karkatar da wuta ta bi ta cikinsa, sannan a haɗa shi da wayfai, wato intanet na gida. Daga ranar makunnin bango ya zama ɗan aike. Shi wannan akwatin ne mai bari wuta ta wuce ko ya hana, kuma yana karɓar umarni daga salula."

"Daga nesa?"

"Ko kana wani gari, yallaɓai."

Sufeto ya ce, "A rufe ƙofar gida. Kada kowa ya fita."

Likita ya iso da farar rigar aiki a jikinsa, gumi na bin wuyansa. Suka zauna a falo.

"Auta ake ce masa," in ji Likita. "Jiya ya sa mana akwatunan nan guda biyu, ɗaya na fitilar falo, ɗaya na injin ruwa. Ya saukar mana da manhajar da ke sarrafa su a salula, ya koya mana. Yau ya dawo ne ya sauya wayoyin injin, ya ce sun tsufa."

"Ka taɓa manhajar yau?"

"Ko kusa. Tun takwas ina kan marasa lafiya."

"Ba ni salularka."

Hannun Likita ya tafi aljihu, ya tsaya. "Sufeto, akwai bayanan mutane a ciki."

"Ba haƙoran kowa nake nema ba. Buɗe."

Saje ya karɓa, ya shiga manhajar, ya nemo wurin da take ajiye tarihin kunnawa da kashewa. Ya karanta a hankali: fitilar falo, tara da minti goma sha biyu, an kunna. An kashe. An kunna. An kashe. Duk daga salular Likita.

Likita ya dafe kai. "Abokan aikina nake nuna wa. Wallahi burga ce kawai. Da aka bugo mini aka ce ya mutu, sai na ce shi ke nan, hannuna ne ya zame na danna na injin. Tun a mota nake jin kamar in haɗiye zuciya."

"Ci gaba, Saje."

"Injin ruwa, tara da minti arba'in da ɗaya, an kunna. Amma ba daga salular Likita ba. Salula uku ce ke da iko da gidan nan: Likita, Matar Likita, sai wata da aka sa wa suna Shago. Ita ce ta kunna."

"Wane shago?"

Likita ya girgiza kai. Bai ma san akwai ta uku ba.

Matar Likita tela ce, ɗakin ɗinkinta yana da taga mai kallon tanki. Sufeto ya same ta a zaune gaban keken ɗinki, idanunta sun kumbura.

"Ban ji komai ba," ta ce tun kafin ya tambaya. "Ina ɗaki ina barci. Da na fito shanya na gan shi."

Sufeto ya taɓa dutsen guga da ke kan tebur. Da sauran ɗumi. Ƙarƙashin allurar keken akwai rigar da aka tsaya da ɗinkinta a tsakiyar hannu.

"Baiwar Allah, mai barci ba ta guga. Me ya hana Auta kashe babban layi kafin ya kama wayoyi?"

Ta fashe da kuka. "Ni ce. Ya ce zai kashe wutar gidan duka, na roƙe shi. Kayan makaranta guda ashirin zan bayar yau da yamma. Ya ce to, zai kashe na injin kawai, ya liƙa salatif, ya ja mana kunne ni da maigidan kada mu taɓa salula. Da na bar shi ya kashe, da yanzu yana raye."

"Wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Ni abin da kika ji nake so."

Ta share hawaye da gefen mayafi. "An kira shi. Hannuwansa a cike, sai ya sa a sifika ya ajiye a kan bulo. Muryar namiji ce, mai kauri. Ya tambaye shi yana ina, ya ce yana kan injin. Ya ce, ka kashe babban layi? Auta ya ce a'a, makunni kawai. Sai mutumin ya ce, to riƙe wayoyin ka gaya mini kaurinsu. Na ji Auta ya ce, ga su a hannuna, Injiniya. Daga nan na taka keke, ƙara ta cika mini kunne."

Sufeto ya koma wurin tanki, ya ɗauki salular mamacin. Ba ta da kulle. Kira na ƙarshe ya shigo tara da minti talatin da tara, ya yi minti biyu da 'yan daƙiƙu. Sunan da ke jiki: Mijin Yaya.

Ya tsuguna ya zazzage jakar kayan aikin. Filaya, salatif, ƙusoshi, ɗan littafin zane-zanen wayoyi. A aljihun ciki akwai takarda a ninke, an naɗe wani guntun wayar wuta da ya ƙone a cikinta, siriri kamar tsinken tsintsiya. Takardar gayyata ce daga kwamitin da ke binciken gobarar wani gidan burodi, wadda ta ci ran maigadi wata biyu da suka wuce. Ana neman Auta ya bayyana ya ba da shaida gobe da ƙarfe goma.

Sufeto ya mayar da takardar yadda take, ya adana ta a wurinsa. Ya sa Saje ya naɗe bakin wayoyin injin da salatif sosai, ya mayar da wutar gidan, ya sa aka turo kofur guda daga ofis ya tsare wurin tankin. Salular Likita kuwa ya zura ta a aljihunsa.

Shagon mijin yayar Auta, inda Auta yake aiki, yana kan layin masu kayan gini, ƙunci ne da shi, ƙwayayen fitila da nannaɗen wayoyi sun cika kanta har rufi. Mai shagon, wanda ake kira Injiniya, babban mutum ne mai furfura a gemu, bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, amma sunan ya bi shi. Labari ya riga 'yan sanda zuwa. Matarsa, yayar mamacin, tana zaune kan benci a ciki, ta haɗa kai da gwiwa.

"Ɗana ne," in ji Injiniya. "Yana da shekara goma sha huɗu uwarsu ta damƙa mini shi. Ni na koya masa riƙe filaya. Kullum ina ce masa, Auta, wuta ba ta san gwani ba."

"Yaushe rabonka da magana da shi?"

"Jiya da yamma."

"Salularsa ta ce ka kira shi yau da safe."

"Af, haka ne. Ruɗewa ce. Gaisawa kawai muka yi."

"Ka san akwatin da ya sa a gidan Likita?"

"Waɗannan na zamani? Ni ina na san su." Ya zaro wata tsohuwar salula mai maɓallai ya kaɗa ta a iska. "Ka ga abin da nake riƙewa. Wannan ko hoto ba ta ɗauka."

"Shagon nan ba shi da tasa salular?"

"Akwai wata da yake gwada aiki da ita kafin ya miƙa wa masu gida. Tana wurinsa. Ku duba jakarsa."

"Mun duba."

"To, ta faɗi ke nan."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya zaro salular Likita, ya buɗe manhajar kamar yadda Saje ya nuna masa a mota. Saje ya gaya masa cewa duk lokacin da aka kunna wani abu, manhajar takan aika sanarwa ga kowace salula da ke da iko. Ya ɗora babban yatsansa a kan hoton injin ruwa, ya danna.

Shagon ya yi tsit. Sai wata 'yar ƙara ta fito daga ƙarƙashin kanta, ƙil.

Ya sake dannawa. Ƙil.

Matar ta ɗago kai.

Saje ya zagaya, ya jawo wani kwalin ƙwayayen fitila, ya zura hannu har ƙasa. Ya fito da baƙar salula, fuskarta na haske. An rubuta: Injin ruwa, gidan Likita, an kunna.

"Ga wadda ta faɗi," in ji Sufeto. Ya shimfiɗa takardar kwamitin a kan kanta, ya ɗora ƙonannen guntun wayar a kai. "Wa ya yi aikin wutar gidan burodi?"

Injiniya ya dubi takardar, ya dubi ƙofa. Saje yana tsaye a bakinta. Ya zauna a kan wani nannaɗen waya.

"Ni na yi," ya ce a hankali. "Na sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri. Auta ya gaya mini ba za ta ɗauki tanda ba, na ce yaushe aka haife shi. Da wutar ta tashi, shi ya je ya tsinto wannan a cikin toka. Sati uku ina roƙonsa. Na ce ka dubi yayarka, ka dubi 'ya'yanta. Ya ce maigadin ma yana da 'ya'ya, in aka rantsar da shi ba zai yi ƙarya ba."

"Sai ka kira shi."

"Jiya na ga yana gwada injin da salular shago, ya manta bai cire ta daga manhajar ba. Da safe ya bar ta a kan kantar shago. Na ce in ya ce ya kashe babban layi, shi ke nan, Allah ne bai nufa ba. Sai ya ce bai kashe ba. Ina jin muryarsa na danna. Ban ma katse kiran ba sai da na ji shiru."

Matar ta miƙe tsaye. Ba ta yi ihu ba. Ta tako har gabansa, ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Kai ka bugo mini," ta ce. "Kai ka ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Har kuka ka yi mini a waya."

"Uwar yara, saurara..."

"Kada ka ƙara kira na."

Sufeto ya yi wa Saje alama. Ankwa ta shiga hannun Injiniya. Masu shagunan layin sun taru a waje, suka dare biyu aka wuce da shi. Kansa a sunkuye har aka tura shi bayan mota.

Sufeto ya dawo ya tattara takardar da salular a leda. Matar tana nan tsaye inda aka bar ta.

"Yallaɓai," ta ce, "takardar nan ta gobe. Tunda babu shi, shi ke nan maganar maigadin ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Ni zan kai ta da hannuna."

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta. "To, ku sauke ni a gidan mahaifiyarmu. Gara ta ji daga bakina."

Sufeto ya buɗe mata ƙofar gaba, ya koma baya ya zauna kusa da mai laifin.